Masallacinmu na ƙasa ya tsage: mu rushe ko mu gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin masallacin garinmu a ƙaramar hukumar Igabi. Masallacin na ƙasa ne, kakanninmu suka gina shi, rufin soro ne da azara, a jikinsa kuma akwai zaure biyu da yara ke karatun allo da Islamiyya. Shekara shida da suka wuce muka yaɓe shi da siminti. Yanzu yaɓen yana ɓamɓarewa, bangon gabas ya tsage. Tun da wani sashe na masallacin Zariya ya rufta matasa ke cewa a rushe a yi na bulo, dattawa sun ƙi. Muna kuma son ƙara aji uku, kuɗinmu ba su da yawa. Mene ne abin yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam sakatare, Allah ya saka muku da alheri bisa hidimar ɗakinsa. Zanen gini na karanta, amma kwaɓa ƙasa da ɗaurin azara a hannun tsofaffin maginan birnin Zariya na koya, ina miƙa musu tubali suna yi mini faɗa. Irin ciwon da ka kwatanta na sha gani daga ƙauyukan Igabi har Giwa da Soba da Makarfi, kuma kusan kullum tushensa ɗaya ne. Amma amsar da zan ba ka a rubuce ba za ta ɗauke muku nauyin kiran injiniya da tsohon magini su zo su duba da idonsu ba. Su biyun tare nake nufi, domin kowannensu yana ganin abin da ɗayan ba ya gani.

Kafin gardamar matasa da dattawa akwai maganar rai, ita za mu fara. Gobe bayan sallar asuba, idan gari ya waye sosai, ka ɗauki mutum biyu ku zaga masallacin ciki da waje. Ku ɗaura dutse a igiya ku saki daga saman bango, ku ga ko bangon ya karkata waje ko ya yi ciki. Ku ɗauki basilla ko tsinin wuƙa ku tsokani azara, musamman bakinta inda ta shiga bango: azara mai lafiya wuƙa ba ta shigarta, idan kuwa ta nutse ko gari ya zubo, gara ko ruwa sun gama da ita. Ku dubi tabarmi, ko ana wayar gari a ga ɓurɓushin ƙasa ya zubo daga sama. Sai tsagar kanta. Ku kafa ƙusa biyu, ɗaya a kowane gefe, ku auna tsakaninsu, ku rubuta awon da kwanan wata a jikin bango, ku riƙa sake aunawa bayan kwana uku-uku. Tsagar da ta tsaya cik tsohon tabo ce, ana ɗinke ta. Wadda take ƙara buɗewa, ko ta haura har cikin bakan gizo (lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufi) ko tulluwa (ƙubbar rufi), ko ta zo tare da karkatar bango ko lanƙwasar azara, to a ranar za ku rufe masallacin, ku kafa rumfa a fili, yara su koma ƙarƙashin bishiya. Kada ku jira taron kwamiti.

Tsoron da matasanku suke ji yana da dalili. Masallacin Juma'a na Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, kuma a shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu ya karɓi shahadarsu. Mai Martaba Sarkin Zazzau Malam Ahmed Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa kwana guda kafin nan an ga tsaga a jikin ginin, ana shirin kawo injiniyoyi. Abu biyu nake so ku riƙe daga wannan. Watan Agusta ne, lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa ta yi nauyi. Kuma ginin ya nuna alama kafin ya faɗi. Amma a tuna cewa wannan ginin ya yi kusan shekara 190 ana sallah a ƙarƙashinsa. Nawa ne daga gine-ginen bulon da ake yi mana yau, da buhun siminti ɗaya a buga bulo sittin, za su ga rabin haka?

Yanzu ga abin da nake zargi, kuma kai da kanka ka ambace shi: yaɓen simintin nan.

Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. Da damina ya ɗan sha, rana ta fito ya bushe, haka yake rayuwa shekara da shekaru. Siminti kuwa ba ya barin danshi ya fita, ga shi kuma ba ya kama jikin ƙasa kamar yadda yake kama bulo. Rana ta buge shi ya buɗe, dare ya yi ya tsuke, ƙasar da ke bayansa ba ta motsi tare da shi, sai ya yi ƙananan tsaga kamar gashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Ya shiga ta tsagar, ya gangara ta baya, ya taru a gindin bango, ba hanyar fita. Daga waje gini fes, an shafa masa fenti kore da fari, kowa na yaba kwamiti. Daga ciki kuwa ya zama kunu, gara ta samu inuwa da laima ta yi gida. Ka ƙwanƙwasa yaɓen da bayan hannu ka ji: inda ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu da bango.

Ni ma na taɓa yin wannan ɓarnar, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Ina sabon fitowa daga makaranta aka ba ni gyaran zauren wata makarantar allo. Na sa aka kafa ƙusoshi, aka shimfiɗa ragar waya, aka yaɓe da siminti mai ƙarfi, ina ganin na kawo zamani. Wani tsohon magini ya tsaya ya kalla, ya ce mini, "Yaro, ka sa wa ginin nan rigar leda a watan bazara." Damina huɗu aka yi ƙusoshin suka yi tsatsa, yaɓen ya faɗo fale guda kamar ƙyaure. Gindin bangon da na bari ya kai kamu ɗaya da rabi, na tarar abin da ya rage mai ƙarfi bai wuce taƙi ba. Allah ya kiyaye, da dare ya faɗo, ba yara.

Ba mamaki kuma bangon gabas ne ya fara nunawa. A ƙasar nan hadari daga gabas yake tasowa, iskar farkon damina da ta ƙarshenta can take jibgo ruwa. Alƙiblarmu kuwa gabas ce mai ɗan karkata arewa, wato bangon da liman ke fuskanta shi ne mai shan duka. Ga ɗan ɗakin liman da ke fitowa waje, mahaɗarsa da babban bango wuri ne da ke saurin darewa. Ruwan da ke sauka a Kaduna a shekara ya haura milimita 1,000, ya fi na Kano da Katsina, kuma yana ƙaruwa idan ka yi kudu wajen Kafanchan. Saboda haka abin da gini zai jure a Daura ba lalle ya jure a Igabi ba.

Sai dai a masallaci ruwan sama yana da abokin ɓarna wanda ya fi shi naci, ruwan alwala. Sau biyar a rana, rani da damina, mutane na tsugunawa da butoci a gindin bango. Na ga masallatan da rufinsu lafiya lau, amma gefen da ake alwala ya zaizaye har kana iya zura hannu. Ku duba inda randa ko famfo yake. Ku duba ko an ɗaga titi ko an cike filin gaba har ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu. Ku duba ko kun sa tayil ko daɓen siminti a ciki, domin danshin da a da yake fita ta daɓen ƙasa yanzu bango yake bi ya hau. Alamarsa farin abu kamar kanwa a ƙasan bango da ƙasa mai marmashewa idan ka shafa. Idan akwai darbejiya dab da gini, saiwarta ma abin tuhuma ce.

To idan bincike ya nuna bangon a tsaye yake, azara mafi yawa da ranta, tsagar kuma ba ta tafiya, shawarata ku gyara. Ga yadda ake yi, kuma ba da damina ba: daga Nuwamba zuwa Maris, an gama girbi, hannaye sun samu sarari, iskar hunturu na busar da aiki.

A fara da raba gini da ruwa. A mayar da wurin alwala nesa, taku biyar ko fiye, a yi masa magudana ta siminti mai kai ruwa can waje. Nan ne siminti ke da amfani. A gyara ƙasar kewaye ta gangara daga bango zuwa waje. Sannan a cire yaɓen simintin, da hannu, a hankali, bango ɗaya bayan ɗaya, bayan an tokare azara daga ciki da itatuwa masu ƙarfi. A bar bangon ya sha iska mako biyu ko uku. Za ku ga abin da zai tayar muku da hankali, kada ku firgita. Inda gindi ya ruɓe, a ƙwaƙule ruɓaɓɓen har a tarar da ƙasa mai tauri, amma kada a yi rami mai tsawo a lokaci guda: a yi kamu biyu, a tsallake kamu huɗu, a cike wanda aka buɗe ya bushe kafin a dawo kan na kusa da shi. Wanda ya ƙwaƙule gindin bango gaba ɗaya a yini guda, shi ya kayar da shi, ba ruwa ba. Cikon kuma da tubali za a yi shi da kwaɓin ƙasa irin ta ginin. Kada a cusa bulo ko kankare, domin abu mai tauri a cikin mai laushi sabuwar tsaga yake haifarwa a gefensa. Babbar tsaga ana ɗinke ta: a yanka gurbi a gicciye, a kwantar da guntayen azara su haɗa ɓangarorin biyu, hawa-hawa, a cike.

Kwaɓin shi ne rabin aikin, kuma nan ne 'yan yanzu ke gaggawa. Birji ko jar ƙasa ake nema daga ƙasan rami, ba baƙar ƙasar gona ta sama ba. A jiƙa, a tattake da ƙafa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a rufe a bar shi ya kwana biyu, a sake jiƙawa a sake tattakewa, har sau uku ko fiye. Tsofaffi suna cewa sai ƙasa ta ruɓa take kama. Tubalin a mulmula shi a shanya kamar mako biyu. Yaɓe kuma sirara-sirara ake yinsa, a bar na farko ya bushe kafin na biyu, a jiƙa bango kaɗan kafin a ɗora. Na ƙarshe a haɗa shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, mai sa yaɓe ya yi duhu ya riƙa tunkuɗe ruwa. A da akwai laso, haɗin katsi daga marina da gashin jima da ruwan dafara, wanda ya fi makuba daɗewa, da shi ake shafe rufin soro. Yau marina sun mutu a yawancin garuruwa, katsi ya yi wuya. Idan kun samu tsohon da ya iya haɗa shi, ku riƙe shi hannu biyu, ku sa yara biyu su zauna kusa da shi.

Tunda masallaci ne, akwai batun tsarki da ya kamata ku kai wa liman tun kafin a fara kwaɓi. Wasu magina sun saba zuba kashin dabba a cikin yaɓe don ya ƙara danƙo. A mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta, kamar saniya da akuya, mai tsarki ne matuƙar ba najasa take ci ba, amma na doki da jaki najasa ne. Haka ruwan kududdufin da kwatamin gari ke zuba a ciki. Ciyawa da makuba sun wadatar, ba sai an shiga shubuha ba.

Rufi kuwa, a nan ne mutane ke kashe gini da kyakkyawar niyya. Duk shekara a hau a ƙara ƙasa a kan ta bara, ba a kankare tsohuwa ba. Bayan shekara talatin rufin da aka yi shi taƙi ɗaya ya zama kamu guda, azara na ɗauke da ninkin abin da aka ɗora mata, Agusta ya zo ƙasar ta sha ruwa ta ƙara nauyi. A kankare, a sauya azarar da ta mutu, a mayar da rufin kaurinsa na asali da gangara zuwa indararo. Indararon a sa dogo mai jefa ruwa nesa da bango, a liƙe wuyansa da kyau, a ajiye dutse inda ruwan ke sauka. Idan kun san ba za ku iya hawa duk shekara ba, akwai sulhu: a yi wa soron laima ta kwano a sama, a kan ginshiƙanta na kanta da aka kafa a waje, da tazara tsakani don iska ta wuce, bakin kwanon ya zarce bango sosai. Zankwaye za su ɓuya, ginin zai rage kyau daga nesa, wannan gaskiya ne, raina ma ba ya so. Amma cikin masallacin zai zauna da sanyinsa da bakan gizonsa. Abin da ba zan taɓa sa hannu a kai ba shi ne zuba rufin kankare a kan bangon ƙasa.

Game da dattawa da matasa, kowa yana da abin kamawa a tarihi, don haka kada wani ya mayar da ita gardamar addini. Ya zo a Sahihul Buhari daga Abdullahi ɗan Umar cewa masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tubalin ƙasa aka gina shi, rufinsa ganyen dabino, ginshiƙansa kututturen dabino. Har ruwa yakan zubo, Abu Sa'idul Khudri ya ga alamar ruwa da taɓo a goshinsa mai albarka bayan sallah. Sayyidina Abubakar bai ƙara komai ba. Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi, ya sake ginawa da tubali da ganyen dabino kamar da. Sayyidina Usman kuwa ya sauya, ya gina da sassaƙaƙƙen dutse. Ka ga wanda ya riƙe ƙasa yana da magabaci, wanda ya sauya ma yana da shi. Abin da ya rage lissafi ne na aminci da kuɗi da amfanin jama'a.

Idan kuwa injiniya da magini suka haɗu a kan cewa bango ya karkata ƙwarai, ko ƙafafun bakan gizo sun ruɓe daga tushe, to a sauke shi, ba kunya a ciki. A nemi fatawar malamai tunda waƙafi ne, a ɗauki hotuna da awo, a sanar da hakimi, a tsince azara mai rai domin yau giginya ta yi ƙaranci, azarar da ta shekara sittin ba ta ruɓe ba ta fi sabuwa. Akwai kuma hanya ta uku idan matsalar ƙanƙanta ce ba lalacewa ba. A Dandaji, cikin jihar Tawa a Nijar, da masallacinsu na ƙasa ya yi musu kaɗan, sun gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo babba a gefensa da bulon ƙasa na matsi, aka gama a 2018. A yankin ne kuma masallacin Yama yake, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Hausawa ne 'yan'uwanmu, ƙasar da muke rainawa suka kwaɓa.

Sai azuzuwa uku. A nan ra'ayina ya bambanta da na masallacin: ban ba ku shawarar tubali da azara ba. Azara ita kaɗai ba ta tsallake fiye da ƙafa shida ko bakwai, sai an yi mata tauyi (guntayen azara da ke fitowa daga bango su tallafe ta) ko bakan gizo, aji kuwa yana son faɗin kamar mita 7 da tsawon mita 8, ba ginshiƙi a tsakiya da zai tare wa yaro allo, ga manyan tagogi. Magini mai iya ɗaurin guga, wato rufin bakan gizo masu haɗuwa a tsakiya, a wannan faɗin ya yi wuya, kuɗinsa da na azara za su fi ƙarfinku. Bulon siminti da kwano ba silin kuma kun san shi: a watan Maris da Afrilu, da azahar yara na gyangyaɗi malam na fifita da littafi, ruwa ya sauko ba mai jin wani.

Abin da nake gina makarantu da shi yanzu shi ne bulon jar ƙasa na matsi. Jar ƙasa ce a tankaɗe, a haɗa da siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a yayyafa ruwa, a matse a injin hannu. A awon leburori, kwanon siminti ɗaya ga kwanon ƙasa 16 zuwa 20. Bulo mai tsawon santimita 29 da rabi, faɗi 14, kauri 9, buhu ɗaya yana ba da ɗari da ɗoriya. Jihar Kaduna Allah ya hore mata jar ƙasa, amma ba kowace ce ke yi ba. Ku cika kwalba zuwa rabi da ƙasar, ku ƙara ruwa, ku girgiza ku ajiye ta kwana: tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, laka da yumɓu a sama. Ana son yashi ya fi rabi, yumɓu ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin biyar. Idan yumɓu ya yi yawa bulo zai tsattsage, sai a ƙara yashi. Ruwan haɗi kuma kaɗan ne: ka dunƙula a hannu ya kama, ka saki daga tsayin ƙirji ya fashe gida huɗu ko biyar. Inda aka fi yin asara shi ne bayan bugawa. Wannan bulon ba a shanya shi a rana kamar tubali. A jera shi a inuwa, a rufe da leda, a riƙa yayyafa ruwa har mako biyu, kada a ɗora shi a gini sai ya cika kwana 28. Kafin ku buga dubbai, ku buga ashirin, ku jiƙa biyar a bokiti su kwana. Wanda ya narke ya gaya muku haɗin bai yi ba.

Harsashi da dutse ko kankare za a yi shi, ya taso sama da ƙasa aƙalla santimita 45, a shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a kai kafin layin farko na bulo, don danshi kada ya hau. A saman tagogi a zagaye ginin duka da ɗamarar kankare da rodi, a ɗaure katakon rufi a jikinta da ƙarfe, domin iskar farkon damina ta fi yaye rufin makaranta fiye da kowane gini. Bakin kwano ya zarce bango da santimita 60 ko fiye, a yi baranda a gefen ƙofofi. Dogayen bangaye masu tagogi su fuskanci kudu da arewa, gajerun su kalli gabas da yamma, rana da hadari su samu ƙaramin wurin duka. Tagogi a ɓangarori biyu, iska ta ratsa. A bar tazara tsakanin silin da kwano, da kafofin da zafi zai fita. Wannan dabarar ce Francis Kéré ya yi a makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, bulon ƙasa da rufin kwano a ɗage, mutanen gari suka yi aikin da hannunsu, shi ne kuma ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022. Daga ciki, a yi wa ƙasan bango yaɓe har tsayin kafaɗar yaro, saboda jingina da ƙafar benci da masu sassaƙa suna da ƙusa. A kan wannan bulon yaɓen siminti marar ƙarfi yana kamawa, tunda da siminti a jikinsa. Kada kuma a manna sabon ginin a jikin tsohon masallaci, a bar rata, kada rufin aji ya riƙa zuba ruwa a bangonsa.

Maganar kuɗi, ba zan yi maka daɗin baki ba. Rangwamen yana zuwa ne daga abu biyu: ƙasa tana kusa, kuma jama'a sun fito aikin gayya. Idan tifa za ta ɗauko ƙasa daga nesa, kowane lebura kuma a biya shi, bambancin da bulon siminti zai ragu sosai, sai dai ku ci ribar sanyi da rashin buƙatar yaɓe da fenti a waje. Shi ya sa a cikin gari kamar Rigasa ko Tudun Wada, inda fili ya matse ba wurin haƙa, ba kullum nake ba da wannan shawarar ba. Ku a ƙauye kuna da dama. Kuɗin harsashi da rodi da katako da kwano ba ya raguwa, ku ware shi tun farko. Ku ɗauki birkila ɗaya da ya taɓa aiki da irin wannan bulon ya koya wa matasan nan masu son rushewa, ƙarfinsu ya tafi can. Ku bincika batun takardar izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, kafin ku haƙa, musamman idan kuna fatan wata rana hukuma ta yi wa makarantar rajista. Ramin da kuka ɗebi ƙasa kuma kada a bar shi ya zama kududdufi kusa da yara. A cike shi ko a kewaye.

Akwai tambayar da kwamitinku zai amsa kafin duk wannan, ni ba zan iya amsa muku ita ba: wa zai riƙa hawa rufin? Kakanninku ba su fi ku ƙasa mai kyau ba, sun dai san cewa kowace shekara akwai ranar yaɓe. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacin da ke tsaye tun 1907 duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi, maza na hawa, mata na ɗebo ruwa, yara na tattaka kwaɓi. Ku ma ku sa rana bayan girbi, liman ya sanar a huɗuba kamar yadda ake sanar da gyaran maƙabarta. Ku naɗa mutum ɗaya da sunansa, ba kwamiti ba, wanda zai hau a watan Afrilu ya share indararo ya toshe tsaga, ya sake hawa bayan ruwan farko, ya riƙa zagawa bayan kowane babban ruwa a Agusta. Ku ware masa wani abu daga asusun Juma'a, a rubuce. Idan kun zauna kun ga ba wanda zai ɗauki wannan, ku gaya wa dattawa gaskiya, ku yi laimar kwanon.

Bayan mako biyu ka aiko mini da awon ƙusoshin nan, da hoton gindin bangon gabas daga waje, da na wurin da ake ajiye butoci, da na bakin azara inda ta shiga bango a sahun farko. Ka kuma tambayi dattawa shekarar ƙarshe da aka kankare tsohuwar ƙasar rufin, idan akwai mai tunawa. Allah ya taimaka, ka gaishe mini da liman.